Batir Ya Cika, Rana Na Tsaka: Nasiha Ga Matasanmu Masu Sola

Ya ku ƙannena, samari da 'yan matan Karaye da sauran garuruwan ƙasar Maiyama, har zuwa Jega da Aliero.

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Jega ya nufi Koko a 'yan shekarun nan, in ya ɗaga kai zai ga abin da babu shi a da: farantan sola a kan kwanon gida, a kan shagon mai caji, a kan masallaci, wani ma an tokare shi da dutse a bakin gonar rani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Tayar da janareta ya koma sai mai hali. Wutar Nepa kuwa kun san halinta. Daga Kainji ake jawo mana ita zuwa Birnin Kebbi, kuma a watan Satumban 2023 da gobara ta tashi a babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi, mu da Sakkwatawa duk duhu ya rufe mu. Sai jama'a suka juya ga rana, wadda Allah Ya hore mana ita fiye da yawancin ƙasashen da ke ƙera farantan.

Iyaye ne suke fitar da kuɗin, amma ku ake turawa kan rufi, ku ake kira in inbata ta fara kuka, ku ne kuma ke iya karanta lambobin da ke jikin na'urar. Shi ya sa na nufe ku da wannan magana. Abin da nake so ku riƙe ɗaya ne: wutar da rana ke bayarwa bayan batir ya cika ba ta jiran kowa. Kamar ruwan indararo take, in ba a tara masa mazubi lokacin da yake zuba ba, ya wuce ke nan. Mazubin da ya fi arha kuwa shi ne aikin gidanku, in kun iya kwaso shi kuka kawo wa rana tsaka.

Me ke faruwa idan batir ya cika?

Tsakanin faranti da batir akwai wata 'yar na'ura mai daidaita caji, wadda masu haɗa sola ke kira kwantirola. A wasu gidajen tana maƙale ita kaɗai a bango, a wasu kuma tana cikin inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta soket. Ku samu wata rana ku zauna gabanta tun da sassafe. Da hantsi za ku ga lambar amfiya tana hawa, 10, 20, har 30, domin batir ya kwana da yunwa, duk abin da faranti ya kawo karɓewa yake yi. Can wajen ƙarfe 11 ko 12, in batirin ruwa ne mai bolt 12, za ku ga ƙarfinsa ya kai wajen 14.4 ya tsaya cak, amfiya kuma ta fara sauka a hankali. Bayan ɗan lokaci sai bolt ɗin ya koma wajen 13.6, amfiya ta dawo 2 ko 3, 'yar fitilar na'urar ta koma koriya. Ku leƙa waje a daidai wannan lokaci: rana tana ƙwallewa, ko takalmi ba a iya cirewa a tsakar gida, amma farantan da aka kashe wa dubban ɗaruruwan naira suna aikin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu ba.

To ina sauran wutar ta tafi? Ba ta tafi ko'ina ba, ba a ma samar da ita ba. Faranti yana bayar da gwargwadon abin da aka ja ne. Idan kwantirola ta daina ja, sai hasken da ya faɗo masa ya zama ɗumi kawai, iska ta kwashe. Saboda haka ku kwantar da hankalin duk dattijon da ke fargabar wai wuta za ta taru ta ƙona farantin. Faranti zai iya shekara a rana ba a jona masa komai ba, bai kuma lalace ba.

Inda hatsarin yake shi ne gidan da aka ce kwantirola tsada gare ta, aka ɗauko waya daga faranti aka maƙala kai tsaye a kan batir. Nan babu mai cewa ya isa. Batir zai cika, wuta ta ci gaba da shiga, ruwan cikinsa ya dinga tafarfasa. Za ku ji cikinsa yana ƙugi ƙasa-ƙasa, jikinsa ya yi zafi, gefensa ya kumbura, ɗakin ya ɗauki wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kan sandunansa ya yi farin gari. Iskar da yake fitarwa a wannan hali mai kamawa da wuta ce. Ƙyastin ashana ko tartsatsin waya ya isa ya fasa shi, ruwan asid ya watsu a fuskar mutum. Araha ba ta ado. Kuɗin kwantirola bai kai rubu'in kuɗin batirin da za ta cece ba.

Wannan sauƙin hali na zama ba a jona komai ba kuma ba a lalace ba, na faranti ne kaɗai. Injin da iska ke juyawa, ɗan ƙanen irin waɗanda aka kafa a Lambar Rimi ta Katsina, ko wanda ruwa ke juyawa, ba a sakinsa haka. In aka cire masa kaya yana cikin gudu, sai ya zabura ya wuce ƙa'ida har fukafukansa su karye. Shi dole a tanadar masa wani abu da zai dinga shanye rarar, galibi ƙarfen dafa ruwa. In wata rana ɗayanku ya haɗa irinsa, kada ya manta da wannan.

Mu yi lissafi

Wanda ya taɓa sayen katin mita ya san yunit. Yunit ɗaya shi ne abu mai cin wat 1,000 ya yi aiki na awa ɗaya. Mu ɗauki gida mai faranti 4, kowane wat 400, jimla wat 1,600. A yankinmu, rana mai kyau tana ba da abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske. In aka cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke ci, wannan gida zai iya samun wajen yunit 6 a yini.

Yanzu mu duba abin da ake ci da dare. Fanka 3 masu wat 50, awa 10, yunit ɗaya da rabi ke nan. Ƙwan fitila 6 masu wat 10, awa 5, bai kai sulusin yunit ba. Talabijin da cajin wayoyin gida, a ce wani sulusin. Duka-duka yunit 2 da 'yan kai. Mayar wa batir wannan da safe zai ci kusan yunit 3, domin batir ba ya mayar da duk abin da ya karɓa. Fankokin rana su ci yunit ɗaya. Saura yunit 2 kullum da babu mai taɓawa. A wata yunit 60 ke nan. Ku tambayi mai janareta litar mai nawa zai ƙona kafin ya samu yunit 60, za ku san girman abin da ake bari yana wucewa.

Kada ku yi gaggawar ƙara batir

Da zarar matashi ya gano akwai rara, abin da ke fara zuwa masa shi ne, "Baba, a ƙaro batir." Ku dakata. A duk kayan sola babu mai tsada da saurin mutuwa kamar batir. Faranti mai kyau yakan haura shekara 20 yana aiki. Batirin ruwa kuwa a irin zafinmu, inda Afrilu ke wuce digiri 40, in ya yi 'yan shekaru kaɗan sai a gode wa Allah, domin duk ƙarin zafin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Ga shi kuma ba a shanye shi duka. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma in ana son ya daɗe rabi kawai ake taɓawa.

Akwai kuma tarko biyu. Na farko, haɗa sabon batir da tsoho: tsohon zai ja sabon ƙasa, su tsufa tare. Na biyu, tara batura fiye da ƙarfin farantai. A bazara za su cika, amma in marka ta sauka a Agusta sai su yi kwanaki ba su ƙoshi ba, kuma babu abin da ke kashe batirin ruwa kamar zama da rabin ciki. Batirin litiyam ya fi juriya, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, yana kuma da na'urar da ke tsare shi a ciki, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ƙa'idar ita ce: a ƙara batir idan wuta tana yankewa kafin asuba alhali yana cika kullum da rana. In dare yana wucewa lafiya, batirinku ya isa, rarar ta nemi wata hanya.

Ma'ajiya uku masu arha

Ta farko ruwa. Ɗaga lita 1,000 daga zurfin mita 30 zuwa tanki, da ƙaramin injin sumo na rijiyar burtsatse, ba ya cin fiye da wajen kashi ɗaya cikin biyar na yunit. Ke nan yunit ɗaya zai iya ɗora muku lita 4,000 zuwa 5,000. Ruwan da aka ɗora da azahar yana nan har dare, har gobe, ba ya tsiyayewa kamar caji, tankin kuma ba ya kumbura. Gidan da ke kunna injin ruwa da asuba ko bayan isha'i yana tatsar batir ne a banza. A mayar da shi tsakiyar rana. In ruwan ya fi ƙarfin gida, ga dabbobi, ga 'yan komayen alayyafo da tattasai a bayan gida, ga renon irin albasa kafin a kai shi fadama.

Ta biyu sanyi. Firiza mai buɗewa ta sama, in aka kunna ta da rana tsaka, aka shaƙe ta da ledojin ruwa ko robobi, ƙanƙarar da ta yi za ta riƙe sanyin har wayewar gari ba tare da an taɓa batir ba, muddin yara ba su mayar da murfin abin wasa ba. Yunit ɗaya yakan daskarar da wajen kilo 8 zuwa 10 na ruwa, wato ledar ruwa kusan 20. A ajiye firizar a inuwa, a bar mata tazara da bango domin ta sha iska. Kun san darajar ƙanƙara da zoɓo mai sanyi a watan azumi, musamman a 'yan shekarun nan da yake faɗowa a bakin zafi.

Ta uku ita ce aikin da aka gama. Rigar da aka goge da rana ta gogu ke nan, ba ta neman wuta da dare. Dutsen guga yana cin wajen wat 1,000, rabin awa rabin yunit. Haka ɗinki da keken lantarki, haka markaɗe da ƙaramin inji, haka cajin fitilun hannu da fankoki masu batir a ciki, waɗanda za su rage wa babban batir nauyi da dare. Yunit ɗaya yana ɗumama bokitin ruwa mai lita 20 ya yi zafin wanka sosai, abin da mai jego da tsofaffi ke bukata a lokacin ɗari. Tukunyar lantarki mai matse tururi kuma tana dafa wake da wajen rabin yunit, itacen da za a ƙona ya huta, idon mai girki ma ya huta da hayaƙi.

A nan ina da magana da samari musamman. Da rana tsaka yawancinku kuna gona ko kasuwa ko makaranta. Waɗanda ke gida su ne iyayenku mata da matan yayyenku da ƙannenku. In kun mayar da kwantirola wani sirri da ku kaɗai kuka sani, kuna ta gargaɗin "kada wanda ya taɓa," rarar za ta ci gaba da wucewa. Na ga wani yaro ya kama hannun mahaifiyarsa ya kai ta gaban na'urar, ya ce, "Inna, ki dubi wannan 'yar fitilar. In ja ce, ki bar ta tana ci. In ta koma koriya, ki kunna firiza. In injin ruwa ya cika tanki kin kashe shi, sannan a yi guga." Ta ce, "Ashe abin bai fi haka ba, ɗan nan?" Bai fi haka ba. Ku kuma 'yan mata, ku tambaya, ku koya. Lissafin nan bai fi ƙarfin wadda ta iya auna tiya da raba cefane ba.

Sharuɗɗa uku ne a kan amfani da rarar nan. Batir shi ne farko, sai ya ƙoshi ake ba wani. Babban kaya ɗaya ake kunnawa a lokaci guda, domin duk abin da ke da mota a ciki, injin ruwa ne ko firiza ko injin markaɗe, yana fizgar ninki uku zuwa biyar na cinsa a daidai lokacin tashi, kuma wannan fizgar ce ke ƙona inbata. Sannan a kashe manyan kaya tun wajen ƙarfe 3, domin batir ya shiga dare da cikakken ciki. Akwai 'yar na'ura mai agogo da ake sakawa a soket, ta kunna ta kashe da kanta a lokacin da aka tsara mata. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ba ta mantuwa.

Ku kuma san abin da ba na rara ba ne. Injin ƙyanƙyasar ƙwai yana son ɗumi dare da rana har kwana 21, yankewar 'yan awoyi na iya ɓata ƙwan duka. Firjin da ake ajiye allura ko magani ma haka. Irin waɗannan da su ake yin lissafin batir tun farko.

In rarar ta zama sana'a

Babbar waya ta zamani ba ta cin fiye da kwatankwacin wat 20 zuwa 25 na awa ɗaya kafin ta cika, saboda haka yunit ɗaya zai caja waya 40. Askin inji, ɗinki, sayar da ruwan sanyi, ɗab'in takardu ga 'yan makaranta, duk suna iya tsayawa a kan yunit biyun nan. A ƙasar albasa irin Aliero, inda manomi ke kallon kayansa suna ruɓewa a rudu yana jiran farashi ya tashi, fankar da za ta dinga ratsa iska cikin ma'ajiya abin gwadawa ce ga mai basira, domin albasa ba ta son danshi da cunkushewa.

Sai dai ku bambance riba da uwar kuɗi. Wutar da kuka sayar da rana riba ce. Wadda kuka sayar da dare daga cikin batir take fita, kuma duk fitar da ta yi tana rage masa kwana. Mai shagon kallon ƙwallo da ke shanye batir ƙarƙaf kowane dare yana ganin ciniki, bai san jarinsa yake ci ba, sai ranar da batir ya mutu ya duba aljihu babu na sabo. Duk abin da sola ta kawo, a ware wani kaso tun a ranar, a sa a asusu ko adashi, da sunan batirin gaba.

Maƙwabci

Bangaladash ƙasa ce da aka kafa ƙananan sola fiye da miliyan 4 a gidajen karkara. Da aka lura cewa batura suna cika da rana wuta na wucewa alhali gidan da ke kusa yana cikin duhu, sai wani kamfani mai suna SOLshare ya fito da 'yar mita da ke haɗa gidaje da juna: mai rara ya tura, mai bukata ya ja, mitar ta rubuta, a biya ta waya. Mu tun kafin mita muna da haƙƙin maƙwabtaka. Gidan da ya ɗora wa maƙwabta ruwa, ko ya ba masallaci da makarantar allo wutar fanka da azahar, ya samu lada da abin da da ma wucewa zai yi.

Amma alheri ma yana son tsari, in ba haka ba ya koma gaba. Farko, kada ku ja wutar batir mai bolt 12 zuwa nesa. Siririyar waya mai milimita 1.5, in ta yi tafiyar mita 50, kuma aka ɗora mata kayan wat 60, kusan rabin ƙarfin a hanya zai ƙare, wayar ta yi ta ɗumi. Wannan kayan dai, in aka tura shi a bolt 230 daga inbata, asarar ba ta kai bolt ɗaya ba. Sai dai bolt 230 yana kisa. Saboda haka waya mai kauri da rufi mai kyau, a ɗaga ta sama inda yaro da akuya ba za su kai ba, ko a binne ta cikin bututu. Ba a ratsa ta kan kwano ko dangar kara. A kuma sa mata bireka tata ta daban mai ƙaramin ƙarfi, yadda in an wuce ƙa'ida ita za ta faɗi, gidanku bai shiga duhu ba.

Na biyu, a yi magana a fili tun ranar farko, a gaban manya. "Kawu, daga ƙarfe 11 zuwa la'asar ne. Fanka biyu da cajin waya. Ban da dutsen guga, ban da abin dafa ruwa. Ranar da hadari ya rufe, sai haƙuri." Faɗin haka da nauyi a baki, amma ya fi a wayi gari ana zargin juna a kan wanda ya kashe batir. In kuwa abin ya girma har kuna tunanin ba unguwa guda wuta da kuɗi, wannan ya zama ƙaramar tashar wuta, kuma hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, tana da ƙa'idojinta tun 2016, waɗanda ta sabunta a 2023. A nemi sani kafin a kafa turaku.

Layin Nepa ba wurin zuba rara ba ne

Za ku ji ana cewa a Turai mutum yana sayar wa kamfani wutar da ta yi masa yawa. Gaskiya ne. Jamus ta yi doka a shekarar 2000 da ta tilasta a sayi wutar masu sola a kan tsayayyen farashi har shekara 20, kuma wannan doka na cikin abin da ya sa farantai suka yawaita har suka yi arha a duniya. Amma can akwai layin da ba ya ɗaukewa, da mita mai ƙirga shiga da fita, da inbata ta musamman da ke kashe kanta nan take in layin ya mutu, da kuma yarjejeniya a rubuce. Duk da haka, da masu sola suka yi yawa, wutar tsakar rana ta rage daraja. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 2023, an zaftare kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake biyan sababbin masu turawa. Su ma yanzu shawarar da ake ba su ita ce su ci abinsu da rana.

A nan gida, dokar wutar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu, kuma muna fatan wata rana a kai ga sayen rarar talaka. Kafin nan, duk wanda ya jona inbatarsa da wayar Nepa ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda ake kira cenja-oba, ya ɗana tarko. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauko da bolt 11,000 ko 33,000 zuwa na gida, haka za ta ɗauki naku ta mayar da shi dubbai a kan layin da kowa ke zaton a mace yake. Ma'aikacin da ya hau turke gyara, ko yaron da ya taɓa wayar da iska ta tsinke, ransa na wuyanku. In kuma Nepa ta dawo ta yi karo da inbata, a nan take za ta ƙone. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Rarar Afrilu ba ta Agusta ba ce

Kada ku ɗauki alkawari a kan watan da ya fi kowane haske. Sola tana da kakarta. A hunturu ƙura tana kwanciya a kan gilashi, hazo ya tare rana. In aka bar faranti makonni ba wanki, abin da yake bayarwa yana raguwa sosai. A wanke shi da sassafe ko da yamma da ruwa da tsumma mai laushi, ba a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi. A bazara rana ta fi ƙarfi, amma faranti ba ya son zafi: duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100, shi ya sa wanda aka manna a jikin kwano, ya kai digiri 65, yake asarar wajen kashi 15. A ɗaga shi kaɗan iska ta bi ta ƙarƙashinsa. Kuma a bazarar ce fankoki ke kwana suna juyawa. A damina kuwa, ranar da hadari ya yini, abin da za ku samu ba zai kai rabin na kullum ba, wata ranar ma ko rubu'i. Wanda ya karɓi kuɗin wata guda na ƙanƙara a hannun mutane yana dogara da hasken Maris, Agusta za ta ba shi kunya.

Don haka ga aikin da nake ba ku. Ku samu littafin rubutu na 'yan makaranta, ku rataye shi kusa da kwantirola. Kullum a rubuta abu uku: ƙarfe nawa batir ya cika, bolt nawa ya nuna da asuba, da yadda sama ta kasance. In yana cika kafin azahar, akwai rara mai yawa, a ƙara masa aiki ɗaya, a sake dubawa. In sai la'asar yake cika, babu rara, a bar shi. In asuba tana riskarsa ƙasa da bolt 12, an wuce gona da iri, a rage. Shekara guda ta irin wannan rubutu za ta sanar da ku gidanku fiye da duk abin da mai sayar da kaya zai faɗa muku a kasuwar Jega.

Wanda kuma ya ji abin ya shiga ransa, ya bi shi har tushe. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana nan Aliero tun 2006, ga kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Masu ɗaura faranti sun yi yawa a garuruwanmu. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu iya zama da maigida su lissafa masa cinsa da samunsa, su gaya masa gaskiya ko da za ta rage musu ciniki. Ku zama irin waɗannan, za a neme ku har inda ba ku zata ba.

Allah Ya tsare ku daga hatsarin wuta, Ya sa albarka a cikin sana'arku, Ya ba ku ikon amfanar iyaye da maƙwabta da abin da Ya hore muku.